Daga Yarjejeniyar Legas Zuwa Ƙofar Illela

Ranar 28 ga Mayu 1975 ƙasashe 15 na Afirka ta Yamma suka rattaba hannu a Legas kan kafa ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO. Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Eyadema na Togo ne suka yi ruwa suka yi tsaki har abin ya tabbata. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ba biza har kwana 90, aka kuma ɗauke kuɗin kwastan daga amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu. Kayan masana'antu sai 1990 suka shigo tsarin.

Ɗan kasuwar Maraɗi da na Katsina ba su jira takarda ba. Tun kafin Bature ya ja layi fatake ke kai da kawo. Albasar Galmi da wake da shanu su gangaro kudu, masara da sabulu da fetur su haura arewa. Abin da yarjejeniyar ta yi alkawari shi ne sauƙin hanya, kuma nan ta fi gazawa. Direban da ya ɗauko albasa daga Ƙonni yana da haƙƙi a rubuce, amma a kowane shinge sai ya sauko ya ba da na goro, rana na dukan buhuna, ƙasan lodi na fara wari.

Shinkafa ce ta kawo ƙarshen haƙurin Najeriya. 'Yar Thailand da Indiya ake saukewa a tashar Kwatano, a yi fasa-ƙwaurinta ta Benin da Nijar, manomin Kebbi ya rasa kasuwa. A Yulin 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka baki ɗaya. Watan Agusta bai ƙare ba ya rufe iyakokin ƙasa. Kukan manoma gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai maganin ya haɗa da mai akuya biyu da ke zuwa kasuwar Maigatari, kuma farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo. Sai Disambar 2020 aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS da kanta ta sa aka garƙame iyakar Najeriya da Nijar, aka yanke wutar lantarki, har Fabrairun 2024 da ta janye takunkumin. Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce mutanensu da kayansu su ci gaba da wucewa bisa tsohon tsari kafin a daidaita. Wata biyu bayan haka ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na tsofaffin abokan zamansu.