Tarihin Sassaƙar Ƙarfe Marar Tsatsa

Ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya narka a birnin Shefil na ƙasar Ingila a shekarar 1913, sa'ad da yake neman ƙarfen da zai jure wutar harsashi a cikin bututun bindiga, ya zo wa masana'antu da fa'ida mai yawa, ya kuma zo wa masu injin sassaƙa da wahalar da ba su saba da ita ba. Sirrinsa kuromiyam ne, fiye da kashi 10 cikin 100. A 1924 W. H. Hatfield, magajin Brearley, ya fito da nau'in da ke ɗauke da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, wanda ya fi sauran yaɗuwa, ya kuma shahara da cin bakin wuƙar inji.

Illar tana cikin ɗabi'ar ƙarfen kansa. Da yake ba ya watsa zafi sai kimanin sulusin yadda ƙarfe gama-gari ke yi, zafin yanka yakan taru a bakin wuƙa har ya yi laushi. Da yake kuma yana ƙara tauri duk inda aka matsa shi, wuƙar da ta dakushe ta koma goga maimakon yanka takan bar wata fata mai tauri, wadda za ta ci mata gibi a zagaye na gaba. Sassaƙen kuwa ba ya karyewa, sai ya fito dogo kamar igiya, gefensa da kaifi, ya nannaɗe wuƙa da aikin, har ya yanki hannun ma'aikacin da ya yi gangancin janye shi. Wani lokaci ɓarɓashinsa kan liƙe a bakin wuƙar, in ya ɓalle ya tafi da wani yanki nata.

Tun 1906 Frederick Taylor na Amurka, bayan shekara 26 yana gwaji, ya kafa ƙa'idar cewa ɗan ƙarin gudun inji kan rage wa wuƙa kwana ƙwarai, hukuncin da wannan ƙarfe ya gaskata. Sauƙi ya fara samuwa da Karl Schröter ya haɗa kabaid na tungisten, wanda ake yin bakin wuƙa da shi, a Jamus a 1923, daga baya kamfanin Krupp ya sayar da shi da sunan Widia. A 1969 aka fara lulluɓe irin wannan baki da siririn rufi mai jure zafi, ana kuma yi masa kwari don ya lanƙwasa sassaƙen ya karya shi.

Akwai kuma waɗanda suka ga gara a gyara ƙarfen da kansa. A ƙarshen shekarun 1920 aka fara zuba masa farar wuta kaɗan a Amurka, sassaƙensa ya riƙa gutsurewa, wuƙa ta ƙara kwana. Hikima ce babba, amma fa da tsada, domin farar wutar tana rage masa juriyar tsatsa, tana kuma ɓata walda, shi ya sa ba a yarda da wannan nau'i ba a wurin aikin da zai zauna cikin ruwan teku.