Magungunan Toshe Hanyoyin Saƙo a Sankarar Ƙashi

Magungunan toshe hanyoyin saƙo rukuni ne na magungunan ciwon daji da ake haɗawa domin su tare furotin ɗin da ke isar da umarni a cikin ƙwayoyin jiki. A ƙwaya mai lafiya, saƙo yana bi daga wannan furotin zuwa wancan har ya isa cibiyarta, ya sa ta rabu biyu, ko ta dakata, ko ta mutu. A ƙwayar sankara kuwa, umarnin rabuwa ba ya yankewa.

Cutar

A cikin sankarar ƙashi, an fi gwada su a kan ostiyosakoma, sankarar ƙashi mafi yawa tsakanin yara da matasa. Takan fara ne kusa da gwiwa, a ƙarshen ƙashin cinya ko saman ƙwauri, kuma ta fi bazuwa zuwa huhu. Da tiyata da magunguna uku, methotrexate da doxorubicin da cisplatin, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na waɗanda cutarsu ba ta bazu ba suna rayuwa fiye da shekara biyar. Idan ta bazu, adadin yakan tsaya tsakanin kashi 20 da 30. Tun shekarun 1980 waɗannan alƙaluma ba su gusa sosai ba, abin da ya sa aka duƙufa neman wata hanya.

Yadda ake gwaji

Ana farawa da ƙwayoyin sankara da ake reno a ɗakin gwaji, irin su U2OS da Saos-2. Akan shimfiɗa su a faranti, a karce tsakiya, a zuba magani, sannan a auna saurin da suke rarrafowa su rufe gurbin. Daga nan sai a dasa su a ƙashin ƙafar ɓeraye, bayan makonni a ƙirga ƙulluwan da suka fito a huhu. Manyan karnuka ma suna kamuwa da cutar, don haka likitocin dabbobi a Amurka sukan shiga binciken.

Sakamako

Toshe hanyar mTOR, mai kula da girman ƙwaya, ya ba da fata a ɓeraye. Amma sirolimus, mai toshe wannan hanya, bai ƙara wa karnuka kwana ba a binciken da aka wallafa a 2021, kuma a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ridaforolimus, wani mai toshe hanyar. Magungunan da ke toshe hanyoyi da dama lokaci guda, har da VEGF mai janyo wa ƙari sababbin jijiyoyin jini, sun fi tasiri. An gwada sorafenib a Italiya, cabozantinib a Faransa. A gwajin REGOBONE na Faransa, regorafenib ya riƙe cutar kimanin mako 16, alhali masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta mako 4 suka samu. Illolinsa sun haɗa da hawan jini, gudawa, kasala da ɗayewar fatar tafin hannu da ta ƙafa.

Har yanzu jinkirta cutar suke yi, ba warkarwa ba. Ƙwayoyin gadon ostiyosakoma a hargitse suke, TP53 da RB1 sukan lalace, kuma ƙarin bai dogara ga hanya ɗaya ba: in an toshe wannan sai ya bi waccan. Shi ya sa bincike ya karkata ga haɗa magunguna biyu ko fiye, da tantance hanyar da ke aiki a ƙarin kowane majiyyaci kafin a zaɓa masa magani.