Ra'ayoyi Uku a Kan Sararin Wofi da Kishiyar Ilektaron, 1928 zuwa 1949

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu kwatanta hanyoyi uku da masana kimiyyar fizik suka bi wajen bayyana sararin wofi da kishiyar ilektaron, sa'an nan mu nuna abin da ya raba gardama tsakaninsu.

Tushen maganar shi ne lissafin da Paul Dirac ya fitar a Ingila cikin 1928. Lissafin ya dace da halayen ilektaron, amma ya yarda a sami ilektaron mai kuzarin da ya gaza sifiri. In haka ne, me zai hana kowane ilektaron gangarawa ƙasa ba iyaka?

Cikin 1930 Dirac ya amsa da cewa duk matakan ƙasan nan cike suke maƙil, kamar gurabun dara da aka zuba wa 'ya'ya, kuma ƙa'idar Pauli ta hana biyu zama gurbi ɗaya. Idan aka ciro guda, gurbin da ya bari zai bayyana tamkar ƙwaya mai kishiyar caji. Da fari ya zaci furoton ce; bayan sukar Oppenheimer da Weyl, sai ya ce cikin 1931 sabuwar ƙwaya ce mai nauyin ilektaron. Carl Anderson ya gano ta a Amurka cikin 1932, aka raɗa mata suna fositiron.

Hanya ta biyu ita ce ta ra'in fili, wadda ta ɗauki sararin wofi a matsayin halin da fili ke ciki idan kuzarinsa ya kai mafi ƙanƙanta. Ƙwaya da kishiyarta kuwa motsin filin ne. Ta uku ita ce ta Stueckelberg (1941) da Feynman (1949), waɗanda suka lissafa fositiron a matsayin ilektaron mai komawa baya cikin lokaci.

Game da ilektaron, hanyoyin uku amsa ɗaya suke bayarwa, saboda haka gwaji bai iya raba su ba. Abin da ya raba su shi ne faɗin aiki. Cikin 1934 Pauli da Weisskopf suka nuna cewa ƙwayoyin da ba su bin ƙa'idar Pauli su ma suna da kishiyoyi, alhali ba za a iya cika gurabu da su ba. A nan siffar Dirac ta gaza, ko da yake har yau da irinta ake bayyana aikin taransista.

A ƙarshe, muna jan hankalin malamai masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa cewa kada a fassara sararin wofi da "babu", domin ba ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan da ya nufi haka.