Daga Kuturta Zuwa Ciwon Sukari: Tarihin Gyambon Ƙafa Mai Komowa

Bayan da aka gano insulin a Toronto cikin 1921, masu ciwon sukari sun sami tsawon rai, amma gyambon ƙafa bai rabu da su ba: ya warke, ya komo, har a kai ga yanke ƙafar. An daɗe ana ɗora laifin a kan toshewar hanyoyin jini.

Haske ya ɓullo ne daga wajen kutare. Dakta Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya cikin 1946, ya nuna cewa ba kuturta ke cin nama ba. Mutuwar jijiyoyin ji ita ke sa mutum ya yi ta taka rauni bai sani ba. Da ya koma Carville ta Amurka, sai ya tarar haka abin yake ga masu sukari.

Ashe miki kan rufe, amma rashin ji, da kanta, da karkacewar yatsu, da matsattsen takalmi suna nan daram. Wani nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka warke, gyambon kan dawo musu cikin shekara guda. Don haka rufewar miki ba sallama ba ce. Duba ƙafa kullum wajibi ne.