Tarihin Gano Cutar Liebow ta Huhu da Neman Maganinta

A shekarar 1972 ne Averill Liebow, masanin binciken naman jiki a Amurka, tare da abokan aikinsa Carrington da Friedman, suka wallafa bayani kan majinyata 40 masu fama da wata baƙuwar cuta, wadda suka raɗa wa suna limfomatoyid giranulomatosis. Cutar tana haifar da ƙulle-ƙulle a huhu, domin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, sukan taru su mamaye jijiyoyin jini har naman wurin ya mutu, sannan takan kai ga fata da ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Fiye da shekara 20 masana suna saɓani kan ko kumburin jijiyoyi ce ko kuwa sankara, kuma majinyata ne suka ɗanɗana kuɗar wannan ruɗani, domin nazarin da Anna-Luise Katzenstein ta jagoranta a 1979 kan mutum 152 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku sun rasu. Bakin zaren daga Afirka ya fito, inda a 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata sankarar muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda daga ƙwayoyinta aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a 1964. A 1994 aka tabbatar da cewa a cutar Liebow wannan bairos ne ke shiga fararen ƙwayoyi jinsin B ya sa su hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, musamman idan garkuwar jiki ta raunana.

Wannan sani ya sauya magani, domin an kasa cutar mataki 3 gwargwadon yawan ƙwayoyin da bairos ya kama. Likitocin Cibiyar Sankara ta Ƙasa a Amurka sun yi amfani da intaferon, wato sinadarin da ke zaburar da garkuwa, ga mataki na 1 da na 2, yayin da mataki na 3 ke buƙatar haɗin magungunan sankara da rituzimab, wanda ke kashe ƙwayoyin B.

Tun da tari da zazzaɓi da rama suna kama da alamun tarin fuka, kuma hoton ƙirji kaɗai ba ya bambance su, wajibi ne a yanki ɗan naman huhu a bincika duk lokacin da ƙulle-ƙullen suka ƙi jin magani ba tare da an ga ƙwayar tarin ba.