Ƙosai da Burodi: Tarihin Wake a Ƙasar Shanu



Abin da ya jawo rubutun nan wani ɗan bidiyo ne da ya yi ta yawo a wayoyinmu kwanakin baya. Wata Ba'amurkiya ce a kicin ɗinta tana koyar da yadda ake haɗa boga ba tare da nama ba. Boga dai shi ne burodin nan mai zagaye da ake tsagawa a cusa masa faifan niƙaƙƙen nama. Ita kuwa dafaffen baƙin wake ta samu, ta tsane shi, ta dagargaza, ta zuba albasa da tafarnuwa da kayan ƙamshi, ta ƙara garin busasshen burodi da ƙwai guda, ta mulmula ta faɗaɗa kamar waina, ta soya da mai kaɗan. Sai murna take yi, wai ga abincin da babu nama a cikinsa amma yana riƙe ciki. Mu da muka yi zaman ɗalibta a Kaura Namoda dariya muka yi, don mun san daren da aljihu ya yi sanyi: a sayi ƙosai da rabin burodi, a tsaga a cusa, a barbaɗa yaji, a danne da tafin hannu. Har sunan boga muke ba shi cikin zolaya.

Da dariya ta lafa sai tambaya ta taso. Yankinmu na Kaura da Shinkafi da Zurmi ƙasar shanu ce tun fil azal. Me ya sa ke nan wake ne ya raini jikin yawancinmu, nama kuwa sai dai baƙunta?

Bari mu fara raba wake biyun, don ba iri ɗaya ba ne. Baƙin waken Ba'amurkiyar nan ɗan asalin nahiyar Amurka ne, mutanen Meziko da na tsaunukan Kudancin Amurka suka fara noma shi, kuma bai fita zuwa sauran duniya ba sai bayan 1492. Namu mai baƙin ido ko jan hanci ɗan gida ne. A Afirka ta Yamma aka mayar da shi amfanin gona daga ɗan uwansa na daji, kuma masu tonon kayan tarihi sun samu ƙonannun ƙwayoyinsa a yankin Kintamfo na tsakiyar Ghana, waɗanda suka haura shekara 3,500. Yau ma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, Nijar na biye. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, irin wanda ake nema a nama.

Manomin Zamfara bai jira masana sun gaya masa haka ba. Yana shuka wake a tsakanin gero da dawa bayan sun ɗan tasa, ya bar shi ya yaɗu ya rufe ƙasa. Saiwarsa na ƙara wa gona ƙarfi. Idan kaka ta yi, mutum ya ci ƙwaya, a naɗe harawa a ɗora bisa rufin ɗaki ko reshen itace domin rago da akuya, ƙowa ma ba a zubarwa. Wato ragon layyar da muke alfahari da shi, shi ma da wake aka yi kiwonsa.

Nan ne muke so mu ɗan daɗe, a bakin kasko, don akwai ilimi a wurin da ba mu cika ba shi girmansa ba. Matar bidiyon nan dole ta sa ƙwai da garin burodi, saboda waken da aka riga aka dafa ya gama kamewa, ba zai sake riƙe kansa ba. In babu abin ɗauri sai ya watse a cikin mai. Iyayenmu mata ta wata hanya suka bi. Ɗanyen wake suke jiƙawa, su surfa shi a turmi, su wanke har ɓawon ya tashi ya bar fari tas. Sai a niƙa da albasa da attarugu, a da bisa dutsen niƙa, yanzu a injin markaɗe. Daga nan sai bugu. Duk wanda ya taɓa kwana gidan mai ƙosai ya san ƙarar nan ta asuba, muciya ko ludayi na dukan ƙullu a ƙwarya. Iska ake cusa masa, kuma ɗanyen wake na da halin riƙe kumfa kamar farin ƙwai. Idan ƙullun ya faɗa tafasasshen mai sai ya kumbura ya kame a lokaci guda. Shi ya sa ƙosan ƙwararriya ke tashi sama ya yi taushi, na mai ƙyuya kuwa ya kwanta ya sha mai. Gishiri ma sai dab da suya ake sa shi, don in ya daɗe a ciki yana kashe kumfar. Ba ƙwai, ba fulawa, ba yis. Ƙullun nan dai shi ne idan aka sa masa mai aka turara ya zama alale. Garin wake kuma da kanwa shi ke ba mu tubani, in aka haɗa da kuka da garin rogo ko na dawa a sami ɗan wake.

To, ina naman? Yana nan, amma yana tafiya da ƙafafunsa. Ga Bafulatanin rugga saniya dukiya ce da gado da sadaki, nononta yake sha, ba ya yanka ta don marmari. Ga manomi akuya da tunkiya asusu ne na ranar ciwo ko biki. Rundawa na yanka ranar kasuwa, mai hali ya sayi tsire ko balangu, uwar gida ta sami ɗan abin jefawa a miya idan an dace. Cin nama har a ƙoshi kuwa sai Babbar Sallah, sai suna, sai biki. Shi ya sa ake soye naman layya a adana shi ya yi watanni. Sauran kwanakin shekara daddawa ce ke ba miya ɗanɗanon da nama zai ba ta, wake kuma ya yi aikin da nama zai yi a jiki.

Tarihin yankin nan da aka rubuta kusan duk na yaƙi ne da sarauta. Mun san Muhammadu Namoda, jagoran yaƙin Alibawa wanda Kaura ke ɗauke da sunansa, mun san faɗuwar Alkalawa a 1808. Mun san Bajamushen nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 yana kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, har ya rubuta bayanin kasuwar Badarawa. Amma yaƙe-yaƙen farkon wancan ƙarni suna da wani reshe da ya shafi zancenmu. Daga cikin waɗanda aka kama a ƙasar Hausa akwai waɗanda aka yi ta sayarwa har bakin teku, aka tsallaka da su Bahiya ta ƙasar Barazil. Yawansu ya kai har hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a can a 1807, kuma Hausawa na cikin Musulmin da suka yi boren birnin Salbado a watan Janairun 1835, ko da yake Yarabawa ne suka fi yawa a wannan. A titunan birnin nan har gobe mata masu fararen kaya na soya ƙullun wake irin namu a cikin manja. Sunansa akaraje, daga kalmar Yarabanci akara, don ta hannun Yarabawa sana'ar ta kafu. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne yadda ake cinsa: tsaga shi ake yi biyu a cusa masa miya da busasshen jatan lande, wato ƙosan ne da kansa ya zama burodin. Hukumar adana al'adun Barazil ta sa sana'ar matan nan cikin kayan gadon ƙasa. Mu kan iya tunanin Bahaushen da aka raba da gida ya ji ƙamshin nan a wata nahiya. A Ghana kuwa ba a ma sauya masa suna sosai ba, koose suke cewa, suna haɗa shi da kokon da suke jinginawa ga Hausawa.

Mu dawo gida. Wajajen 1890 annobar shanu ta bushiya ta iso ƙasar Hausa. Ta shigo Afirka ne a 1887 ta gaɓar Eritiriya tare da shanun da Italiyawa suka kawo, ta ratsa nahiyar kamar wutar daji, a wasu wurare ta kashe tara cikin kowace goma. Makiyaya suka sa mata suna Sannu, saboda yawan jaje. Ta sake dawowa ba sau ɗaya ba, har da ta 1983 wadda dattawanmu ke tunawa, kafin a bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Duk lokacin da garke ya faɗi, nono ya ƙafe, nama ya yi nisa, abin da ke cikin rumbu ne ke tsayawa.

Sai jirgin ƙasa. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Kaura Namoda. Gyaɗa da auduga Turawa suke so, garin ya zama matattarar su. Ita gyaɗar nan baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, haka barkono, haka rogo. Man da ƙasar nan ta sani kafin zuwanta shi ne man kaɗe da man shanu da na riɗi. Da noman gyaɗa ya bunƙasa sai mata suka samu abin matsa a cikin gida, su fitar da mai, su soya ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Saboda haka ƙwallon ƙosai ɗaya da ke hannunka, wakensa ɗan Afirka ne, mansa da yajinsa 'yan Amurka ne. Matar bidiyon nan da mai ƙosan bakin tasha sun daɗe suna musayar kaya ba su sani ba. Farin 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan kasuwa, dalar gyaɗa ta zama labari, jirgin ma daga baya ya yi shiru. Kaskon bai sauka daga murhu ba.

Wa ke riƙe da kaskon? Mata, mafi yawansu daga cikin gida, yara na kai talla. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a kan wannan ciniki na cikin gidaje a 1969, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, don mai ƙirga rumfunan kasuwa ba zai gan shi ba. Da ribar ƙosai aka yi adashi, da adashi aka sayi kwanoni da gadon 'ya mace. Da shi ake buɗe baki da azumi tare da kunu, shi ake rabawa sadaka ranar Juma'a. Akwai kuma ɓangaren da ba ya da daɗin faɗi: yarinyar da ke ɗauke da farantin nan da safe, sau da yawa ajinta na can ana darasi babu ita.

A nan muke da ƙorafi a kan kanmu. Ku duba labaran da muke rubutawa. Jarumarmu soyayyen dankalin Turawa da kaza take ci, ko da kuwa a Zurmi muka ce an haife ta. Idan ƙosai ya shigo labari, to alamar talauci ce, ko kuma abin da mugunyar kishiyar uwa ke ɗora wa marainiya. Ba mu taɓa cin karo da labarin da ya zauna da mai ƙosai a matsayin mai sana'a ba, mai lissafin tiya da kwalbar mai da itace, wadda ta san wake sabo daga tsoho da ganin ido. Alhali tsofaffin da suka yi niƙa a dutse kafin inji ya zo suna raye a unguwanninmu, kuma ba za su dawwama ba.

Shi kansa waken yana da maƙiyi, ƙwaron da ke huda shi a ajiya. Kakanninmu da toka da yashi da barkono suke yaƙarsa. Zamani ya kawo fiya-fiya, wasu 'yan kasuwa suka wuce gona da iri, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji Hausawa. Mu da ba a gwada namu a kan iyaka, mu ne ke cinye shi. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ke toshe wa ƙwaro iska, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ya rage matsalar ga wanda ya same shi.

Maƙiyin da ya fi ƙwaro kuwa duk mun san shi. Fiye da shekara goma ke nan satar shanu da ta'addancin daji suna cin yankin nan. Garkunan da bushiya ta bari, bindiga ta kora. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya, kasuwar Alhamis ta Shinkafi da ke tara mutane har daga Nijar ta yi tsit. Bambancin wannan masifa da waɗanda suka gabata shi ne ta haɗa da gona. Bushiya ta kashe saniya ta bar manomi ya yi shuka. Yanzu akwai ƙauyukan da gona mai nisa ta gagara zuwa, akwai inda sai an biya kafin a yi girbi, kuma wake na cikin amfanin da ke daɗewa a fili, sai an bi shi ana tsinka bayan gero ya shiga rumbu. Mai ƙosan unguwarmu ba ta son ƙara kuɗi, don ta san aljihun masu sayenta. Ludayin ta sauya da ƙarami. Ƙosan da a da biyar ke cika rabin burodi, yanzu sai an sa takwas.