Dattijon da Ya Buɗe wa Masu Keke Hanyar Dutse



A wannan makon za mu je ƙasar Faransa, mu bi wata hanya da ta tashi daga birnin Saint-Étienne, ta haura duwatsun Pilat, ta gangara kudu. Mu da muka san keke a matsayin abin zuwa gona da kasuwa, da wuya mu ɗauka yana da tarihin da za a zauna a rubuta. To amma a kan wannan hanyar da irinta aka shafe sama da shekara 30 ana wata jayayya: shin hawan dutse da keke na majiya ƙarfi ne kaɗai, ko kuwa dattijo da mace da leburan masana'anta su ma suna da rabo a ciki?

Bari mu fara da garin. A ƙarshen ƙarni na 19 Saint-Étienne gari ne na haƙar kwal da ƙera bindigogi da saƙar siliki. Daga nan ne layin dogo na farko a Faransa ya tashi a 1827. Gari ne mai hayaƙi, amma da mutum ya fita ta kudu sai ya tarar da daji da ƙoramu da iska mai sanyi. Matsalar ita ce hawa. Garin yana kan tsayin mita 500 da ɗoriya, mashigin dutsen da ake kira Col de la République kuwa yana kan mita 1,161. Wato a cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, sai ka hau sama da mita 600.

A wannan garin wani ɗan kasuwar siliki mai suna Paul de Vivie ya zauna. An haife shi a 1853 a Pernes, can kudu a yankin Provence. Ya sayi kekensa na farko a 1881, irin mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar ƙarama a baya. Abin ya shiga ransa har ya bar siliki ya koma shigo da kekuna daga Coventry ta Ingila, daga baya ya fara ƙera nasa. A 1887 ya kafa mujallar Le Cycliste, yana sa hannu da laƙabin Vélocio, kuma da wannan sunan duniya ta san shi. Shi ya ƙirƙiro kalmar da Faransawa suke kiran yawon buɗe ido a kan keke da ita.

Keken wancan lokacin giya ɗaya gare shi, kuma a nan gizo yake saƙar. Mu ɗauka farantin da ke jikin feda yana da haƙora 48, na tayar baya yana da 16. Duk juyi ɗaya na ƙafa, taya za ta juya sau 3, ka ci wajen mita 6. A shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan daɗi ne, a kan dutse kuwa azaba ce, sai ka sauka ka tura. In ka sa faranti mai haƙora 24 a baya, taya za ta juya sau 2 kawai, hawa ya yi sauƙi, amma da ka sauko fili kowa zai wuce ka. Ana ba da labarin cewa wata rana Vélocio yana haki a kan wannan mashigin, sai wani mai karanta mujallarsa ya wuce shi a kan keke mai sassauƙar giya, yana zuƙar lofensa hankali kwance. Daga nan ya ɗaura ɗamarar samun keken da zai iya hawa da fili duka.

Ya gwada dabaru iri-iri. Ya yi keke mai faranti biyu da ake ɗaga sarƙa da hannu a mayar daga wannan zuwa wancan. Ya yi mai sarƙa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Daga ƙarshe ya karkata ga 'yar na'urar da take tura sarƙa daga faranti zuwa faranti ana cikin tafiya, wadda jikokinta ne muke gani a kekunan yau. Gaskiya ɗaya ce, ba shi kaɗai ya yi wannan aikin ba. A Ingila ma ana ta gwaji, kuma a 1902 aka fito da giyar Sturmey-Archer da ke ɓoye a cikin cibiyar taya, ƙarƙashin kamfanin Raleigh, wanda kekunansa iyayenmu suka hau. Abin da ya bambanta Vélocio shi ne duk abin da aka ƙera sai ya kai shi kan dutse ya gwada, ya dawo ya rubuta abin da ya gani.

Wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren shi ne Henri Desgrange, ɗan jaridar da ya kafa gasar Tour de France a 1903. A ganinsa canja giya na waɗanda ƙarfinsu ya fara ƙarewa ne, namiji kuwa da cinyarsa zai ci dutse. A gasar farko ma an bi ta Col de la République, kuma shi ne mashigi na farko mai sama da mita 1,000 da 'yan tseren suka haura. Shekara da shekaru, ɗan tsere in ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya kwance tayar baya, ya juya ta ɓangaren da ke da babban faranti, sannan ya ci gaba. Ba a yarda kowa ya yi amfani da na'urar canja giya a gasar ba sai 1937, bayan Desgrange ya bar jagorancinta. A lokacin masu yawo sun daɗe suna haura duwatsu da ita.

To me suke zuwa gani? Mu bi hanyar. Da fita gari kaɗan akwai ƙauyen Rochetaillée da kufan ganuwarsa a kan tsauni, a ƙasa kuma madatsar ruwa ta Gouffre d'Enfer da aka gina a shekarun 1860 a cikin wani matsattsen kwazazzabo. A wani gefen na Pilat akwai Sainte-Croix-en-Jarez, gidan masu zuhudu na Kirista da aka kafa a 1280, wanda bayan juyin juya halin Faransa manoma suka shiga ɗakunansa ya zama ƙauye. Wanda ya haura mashigin ta cikin dajin dogayen itatuwa zai gangara Bourg-Argental, ya isa Annonay, inda 'yan gidan Montgolfier suka tayar da balan-balan mai iska mai zafi a gaban jama'a a 1783. Daga nan sai kwarin kogin Rhône. A Orange akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa mai shekara kusan 2,000, bangonsa ya kai mita 37. A Avignon akwai fadar da Fafaroma suka gina a ƙarni na 14. Sai Pernes mai maɓuɓɓugan ruwa, da dutsen Ventoux a tsaye a bayanta. Tafiyar ta haura kilomita 200.

Wannan ita ce hanyar Vélocio ta zuwa gida. Duk lokacin bikin Ista yakan gangara Provence, abokai da masu karatu su tare shi a can, har abin ya zama taron shekara-shekara. Ya bar musu 'yan ƙa'idoji da masu keke suke tunawa har yau, waɗanda suka shafi cin abinci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta kama mutum ba, da gajarta hutu, da guje wa taka keke don a gani a yaba. Mu a nan da cewa za mu yi sannu ba ta hana zuwa. Sai dai shi bai daɗe bai je ba, don har ya tsufa yana cin doguwar tafiya a yini guda.

A 1930, yana da shekara 76, jirgin ƙasa na cikin gari ya buge shi a Saint-Étienne yana riƙe da kekensa, ya mutu. Shekara 6 bayan haka gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako 2 da albashi. Leburori da matansu suka hau kekuna, wasu irin mai mazauni biyu, suka bazu cikin karkara. Mutanen da ya yi jayayyar dominsu ke nan, amma bai ga ranar ba. An kafa masa dutsen tunawa a saman mashigin, a 1974 kuma aka mai da Pilat yankin da doka ta kare.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihin gaban marubuta shi ne, maƙera da yawa sun taɓa giyar keke an manta da su. Vélocio ya shekara 43 yana fitar da mujalla, yana rubuta nisan hanya, da tsayin hawa, da awa nawa ya ci, da abin da ya lalace a jikin keken. Masu karatu su bi hanyar, su rubuto su gyara masa ko su musa. Da haka hanyar ta zama ta jama'a. Duk cikinmu akwai mai hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa, da gadarta da tsohuwar ganuwarta da inda ake tsayawa shan ruwa. In ba mu rubuta ta da sunayenta da nisanta ba, ranar da aka canja mata hannu shi ke nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.